Editan da Ya Wanke Bango

Ranar da aka zaɓi Sharhi editan jaridar ɗalibai, ba a gama tafi ba ya haye tebur ya sanar da mu cewa tarihin jaridar ya kasu kashi biyu: kafin shi, da kuma bayan shi. Ni ce na tsaya takara da shi na sha ƙasa, aka ba ni muƙamin mataimakiya don a share mini hawaye. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, mai karatu ya san daga bakin wa ya fito. Amma ba wanda zai ce na ƙara gishiri, don rabin jami'a na wurin.

Sunan Sharhi tun shekararsa ta farko ya same shi. Ka ce masa ina kwana, sai ya yi maka bayanin musabbabin kwanan, da inda ya dosa, da ra'ayin masana. Bai taɓa taka ƙafa ya je ya ɗauko labari ba, amma babu labarin da bai yi sharhi a kai ba, har wanda bai faru ba tukuna.

Jaridar tamu ba irin wadda ake bugawa a sayar ba ce. Tana da wani dogon suna da ake rubutawa a sama, amma kowa Bango yake ce mata, domin a bangon ɗakin cin abinci take zaune. Duk farkon mako mukan buga shafuka, mu dama sitaci a bokiti, mu liƙa su a kan na makon jiya. A tsaye ake karanta ta, da faranti a hannu. Wanda yake da abin cewa sai ya zaro biro ya rubuta a gefen shafin, wani ya ba shi amsa a ƙasa, na uku ya zo ya zage su duka. Malamin da ya mai da aji wurin ziyara, da mai gadin laburare da ke ajiye wa 'yan garinsu kujera lokacin jarrabawa, da banɗakin da ya daina karɓar baƙi, duk a nan asirinsu ke fara tonuwa. In aka liƙa ƙorafin famfo da safe, kafin yamma za ka ga mai gyara yana sauri da sifana a hannu.

Wata ɗaliba ce ta fara ta, tun iyayenmu suna yara. Tana cin shinkafa ta tauna tsakuwa, haƙorinta ya ɓalle. Ta kai ƙara ofis aka ce ta dawo gobe, ta dawo goben aka ce ta riƙa tauna a hankali. Sai ta yagi takarda ta rubuta abin da ya faru, ta manna tsakuwar a tsakiya, ta liƙa a bango. Hukuma ta aiko a yage. Ɗalibai suka kifar da tukwane, aka rufe makaranta, aka buɗe, daga ƙarshe aka zauna sulhu. Sharaɗin da aka yi shi ne hukuma ba za ta sake taɓa takardar da ke manne a bangon nan ba, ba yagewa, ba shafa fenti a kai. Amma duk inda siminti ya fito fili, wurin ya koma na hukuma.

Tun daga ranar ba a taɓa ɓare ko shafi ɗaya ba. Sabo kan tsoho, sabo kan tsoho, har jaridar ta yi kaurin katifa. Ka buga mata ƙusa ta shige ta ɓace ba ta ji siminti ba. Kowa kuma ya san tsakuwar tana can ciki.

Shugaban sashen harkokin ɗalibai, wanda muke kira Mai Fenti, ba abin da ya tsana a duniya kamar bangon nan. Sau da yawa sunansa ya kwana a bangon, da hotonsa, da zanen tumbinsa. Duk bayan ruwan sama yakan zagayo da lema, wai shan iska, alhali dubawa yake ko wata kusurwa ta ɓanɓare. Shugabanni nawa suka riƙe kujerar kafin shi, kowanne ya sayi fenti, fentin ya bushe a gwangwani.

To, bangon nan ne aka damƙa wa Sharhi.

Ofishinmu wani ƙuntataccen ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, mai tsohuwar na'urar buga takardu da bokitin sitaci da kujera ɗaya mai hannu. Sharhi ya zauna a kujerar ya kira taro. Taron ni ce da Mai Zane, wanda ke yi mana zanen barkwanci, mutumin da ko gobara ake ba ya ɗago kai daga takarda.

"Bana jaridar nan za ta cika shekara hamsin," in ji Sharhi.

"Wa ya ƙirga?" in ji Mai Zane.

"Ba wanda ya ƙirga, shi ya sa na yanke hamsin. Ta fi daɗin faɗa a lasifika."

Sannan ya warware mana shirinsa. Zai ɓare jaridar shekara bayan shekara, ya sa kowace a gilashi, a jera su a baranda tun daga ta farko har zuwa tasa. Ranar biki kuma, a gaban tsofaffin editoci da ita kanta matar da ta fara, zai buɗe shafin farko da tsakuwarsa, a ɗauki hoto.

Na ce, "In ka ɓare, siminti zai fito."

"Mataimakiya, irin wannan tunanin ne ya kayar da ke zaɓe. Shekarar farko zan bar ta a manne. Siminti ko ƙwayar ido ba zai leƙo ba."

"Ka taɓa ɓare takardar da aka liƙa da sitaci?"

"Na karanta yadda ake yi a manyan gidajen tarihi. Aiki ne na hannu da ƙwaƙwalwa, duka biyun kuma Allah ya hore mini."

Muka tafi neman izini wurin Mai Fenti. Na ɗauka zai kore mu. Sharhi bai kai ƙarshen bayani ba mutumin ya zaro biro. Ya ce ofis zai ba da rumfa, da kujeru, da lasifika. Ya tambaya ko akwai wani abin kuma.

"Akwai," in ji Sharhi. "Ranar biki a ja igiya gaban bangon. Kada kowa ya tsallaka sai Babban Edita. Ba na son a cika mini hoto da kawuna."

"Kowa da kowa?"

"Har mataimakiyata."

"Masu gadi za su tabbatar da haka," in ji Mai Fenti, ya rubuta, suka sa hannu su biyu.

Da muka fito Sharhi ya ce, "Kin ga yadda hannunsa ke rawa?"

"Na gani. Murna ce."

"Tsoro ne. Bai taɓa zama da edita irina ba."

A wannan kam ban yi masa musu ba.

Ya fara da reza da wuƙar shafa bota da ya aro a kicin. Ya tara 'yan kallo, ya naɗe hannun riga, ya yi musu taƙaitaccen jawabi a kan haƙuri. Ya zura wuƙar ya danna, sai ga wani ɓawo ya ɓalle, mai tauri kamar na bishiya, shekaru kusan goma a dunƙule. Abin da ake iya karantawa a jikinsa kalma biyu ne kawai: "ba ruwa." Sharhi ya ɗaga shi sama ya bayyana cewa wannan shaida ce ta ƙishirwar ilimi da magabata suka yi fama da ita. Wata ɗaliba daga baya ta ce har yau ma ba ruwan a ɗakunan kwana. Ya juya zai ba ta amsa, rezar ta yanke shi. Yankan bai kai na farce ba, amma washegari ya zo da bandeji har gwiwar hannu, yana cewa jini na farko ya zuba.

Da reza ta gaza sai ya koma ga tururi. Ya bi ɗakunan 'yan mata ya aro butocin lantarki, duk wadda ta ba shi ya yi mata alkawarin sunanta zai shiga tarihi. Ya jona su gaba ɗaya a soket ɗin ofishinmu. Wuta ta yi ƙara ta ɗauke a ginin baki ɗaya, har da ajin da ake jarrabawa a sama. Ya ce zagon ƙasa ne daga hukuma. Ya kwashe butocin ya kai kicin, aka dafa masa ruwa a tukunya, ya riƙa kwararawa daga saman bango. Tururin da yake nema bai samu ba, amma ruwan ya sami hanya, ya riƙa shigewa ta baya yana ɓacewa. Tawada ta narke ta gangaro. Labarin makon nan ya auri na makon jiya.

"Kana jiƙa ta ne kawai," na ce masa.

"Ina tausasa ta. Akwai bambanci, sai dai ba a aji ɗaya ake koyar da shi ba."

Ƙamshin dafaffen sitaci ya kai unguwar ma'aikata. Kafin azahar awakin matar magatakarda sun iso. Ɓawon da Sharhi ya samu ya ɓare da ƙyar, ya shanya a benci, a ciki har da shekarar babban yajin aiki, wani jan bunsuru ya ja shi ya yi bayan kicin. Sharhi ya bi shi da bandeji yana lilo, masu dafa abinci suka fito da ludaya suna ba bunsurun ƙwarin gwiwa. Ya dawo da wani guntu mai yawu, ya ce an ceto muhimmin ɓangaren. Mai Zane ya ɗago kai, karo na farko a wannan zangon, ya dubi bunsurun da kyau, ya mai da kai ƙasa ya fara zane.

Biki ya matso, an aika wa baƙi, bangon kuwa yana nan da kaurinsa, sai dai ya kumbura ya yi tumbi, yana wani tsami. Kwana da kwanaki Sharhi yana ba shi ruwan zafi safe da yamma kamar mai jinya. Na roƙe shi mu bar abin haka, mu liƙa sabon fitowa a kai, baƙi su ci su sha su tafi. Ya ce ƙananan mutane ne ke fasa shiri. Sannan ya tuna da kawunsa.

Kawun nan ƙanen mahaifiyarsa ne, yana da wurin wankin mota a bakin titi. Na raka shi don kada a ce mataimakiya ta gudu. Rumfar kwano ce, tabarmin mota a rataye suna ɗiga, ƙasa duk kumfa, ga injin a gefe yana tari. Da na ji Kawu ya buɗe baki na gane abin na jini ne.

"Auta, ka zo wurin da ya dace."

"Babban Edita, Kawu."

"To, Babban Auta. Injin nan da kake gani, babu irinsa a garin nan. Matakin ƙarfi uku gare shi: na gilashi, na taya, da na motar da ta ɗauko shanu. Na gilashi, ko jariri ka sa a gaba sai dai ya yi dariya."

"Zai iya raba takarda da takarda?"

"Ya raba laka da fenti, takarda ce za ta gagare shi? Sai dai da sharaɗi. A rataya allon wurina a rumfar biki, malaman nan duk motocinsu ƙazamai ne."

Suka tafa. Kawu ya ƙara masa da aron farar kwat ɗin da ya sa ranar buɗe wurin, ya ce kada ko ƙuda ya sauka a kanta.

Ranar biki rumfa ta cika. Tsofaffin editoci suka zo, waɗanda a zamaninsu suka hana hukuma barci, yanzu kowanne da tumbi da direba. Mahaifiyar Sharhi ta zo da maƙwabtanta, tun daga ƙofa take nuna musu shi. Mai Fenti yana layin gaba, baki har kunne. A bayan kicin kuma na hango wasu mutane zaune kan gwangwanaye, da buroshi a aljihu. Na tambaya aka ce kujeru za su gyara.

Sai aka shigo da ita, matar da ta fara jaridar. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, da sanda, ɗalibai suka miƙe ba wanda ya ce su miƙe. Uwar Bango muke ce mata, da yawanmu ma ba mu san tana raye ba. Ta yi murmushi na ga giɓin, ashe ba ta taɓa gyara haƙorin ba. Ni aka sa in kai ta kujera. Ta tsaya a bakin igiya ta daɗe tana kallon bangon.

"'Yar nan, da gaske zai fito da shafin farko?"

"Haka ya ce, Mama."

"Ba tsakuwar ce ta kawo ni ba. Ranar da na liƙa takardar, kowa tsoro yake ji. Sai wani siririn yaro ya zo ya rubuta a gefe, ni ma. Shi ne mutum na farko da ya sa biro a bangon nan. Daga baya na aure shi. Bara ya rasu. Rubutunsa nake so in gani."

Tun da aka fara wannan shirme haushi nake ji, amma a lokacin tsoro na ji, da kunya. Na je bakin igiya na kira Sharhi a hankali.

"Don Allah ka fasa. Ka ce injin ya lalace."

"Mataimakiya, koma bayan igiya, kina shiga hoto."

Ya hau jawabi. Ya fara daga ƙirƙirar takarda, ya biyo ta ƙirƙirar biro, ya ɗan tsaya a kan haihuwarsa. Rana ta take. Wani tsohon edita ya yi barci har hularsa ta faɗi. Daga ƙarshe ya ɗauki bakin tiyo, ya juya wa mai hoto gefen fuskar da ya fi so, ya ɗaga wa Kawu hannu.

Kawu ya kunna na gilashi. Ruwa ya fesa a hankali, bangon ya shanye, ko motsi.

Ɗalibai suka fara tafin tsokana. Wani ya ce a ba shi sabulu.

"Kawu, na taya."

Na taya ya fito da ƙarfi, ya fige shafukan sama, hoton Sharhi na makon jiya ya tashi ya sauka a cinyar mahaifiyarsa. Sauran bangon yana nan. Dariya ta ƙaru. Sharhi ya juya ga Kawu.

"Kawu, na shanu."

"Auta, a hankali," in ji mahaifiyarsa daga rumfa.

"Umma, ana aiki."

Kawu ya dubi jama'a, ya dubi allonsa da ke rataye, ya murɗa har ƙarshe.

Tiyon ya fi ƙarfin Sharhi. Bakinsa ya sunkuya ƙasa, ruwan ya sami gindin bangon, ya shiga ta bayan takarda inda ruwan zafin kwanaki ya riga ya share masa hanya. Tumbin nan ya kumbura, ya ƙara kumbura. Aka ji wata ƙara kamar ana yage babban zane. Sai jaridar gaba ɗayanta, tun daga shafin farko har na baya-bayan nan, ta saki bango ta zauna ƙasa. Kyankyasan da suka yi zuriya a ciki suka fito neman sabon gida, suka nufi layin gaba. Sharhi ya saki tiyo, tiyon ya shiga rawa shi kaɗai, ya wanke tsofaffin editoci ɗaya bayan ɗaya, ya tashi mai barci, ya sauke allon Kawu, sannan ya koma kan tulin takardar ya dame ta. Kafin Kawu ya sami makunni, tarihin hamsin ɗin nan da ba wanda ya ƙirga ya zama kunu, yana bin kwata.

Siminti ya fito, daga wannan kusurwa zuwa waccan, tas, yana ƙyalli. Gaskiyar Kawu, injin na da kyau.

Mutum ɗaya ne ya tafa. Mai Fenti ya miƙe, jiƙe sharkaf, da kyankyaso a kafaɗa, yana tafi da zuciya ɗaya.

"Na gode, Babban Edita. Abin da ofishina ya kasa tun kafin a haife ka, ka yi shi kafin a raba lemo."

Ya ɗaga hannu, masu gyaran kujera suka taso da gwangwanayensu.

Sharhi ya yi wuƙi-wuƙi. Ya sunkuya bakin kwata ya lalubo wani dutse, ya kawo wa Uwar Bango da hannu biyu.

"Mama, an ceto muhimmin ɓangaren."

Ta dubi dutsen. Ya kai ƙwan kaza.

"Jikana, da wannan na tauna, da ba ni da haɓa."

Ba ta kalli kwatar ba, na lura. Ta juyo gare ni, idonta a bushe.

"Ina fitowar wannan makon?"

Tana ofis, da bokitin sitaci. Ni da Mai Zane muka ruga muka ɗauko. Amma da muka zo igiya masu gadi suka tare mu. Mai Fenti ya zaro takardar izini daga aljihu, a cikin leda ya sa ta, ya karanta mana a hankali: kada kowa ya tsallaka sai Babban Edita, har mataimakiyarsa. Masu fenti kuwa ma'aikatan gini ne, ginin kuma yanzu na hukuma ne. Jira kawai suke rana ta busar da siminti.

Muka shafa wa shafuka sitaci muka miƙa wa Sharhi ta saman igiya. Ya liƙa na farko, ya sulale. Ya liƙa na biyu, ya bi ɗan'uwansa. Jiƙaƙƙen bango ba ya riƙe takarda sai an danne ta har ya sha iska, shi kuma hannu biyu gare shi, ɗaya da bandeji.

"Juya," in ji Uwar Bango. "Sa bayanka."

"Mama, kwat ɗin aro ce."

"Bangon ma aro aka ba ka. Juya."

Ta zura sandarta ta saman igiya ta tura ƙirjinsa har ya manne. Muka riƙa miƙa shafuka yana cusawa, bayan kai, bayan kafaɗa, bayan cinya, har suka ƙare.

"Buɗe hannu. Ware ƙafa. Duk inda ka rufe namu ne."

Haka ya tsaya, hannuwa a buɗe, ƙafafu a ware, rana na dukansa. Duk takardar da ta leƙo daga jikinsa ba ta sami madanni ba, ta naɗe ta yage ta faɗi. Siminti ya bushe. Masu fenti suka fara daga nesa, suna matsowa, suna matsowa, har suka zo gare shi. Babbansu mutum ne mai son aikinsa, ya canja ƙaramin buroshi ya bi gefen kunne, ya zagaye hammata, ya shiga tsakanin yatsu.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga haɓa."

"Kada ka motsa," in ji Uwar Bango.

"Auta, kana jin ƙishirwa?" in ji mahaifiyarsa.

"Kwat ɗina," in ji Kawu.

Da suka gama aka kwance igiya, amma sitaci bai gama kamawa ba, dole ya ci gaba da tsayuwa. Ɗalibai suka fito daga cin abinci da faranti a hannu, suka tsaya inda suka saba tsayawa. Babu abin karantawa sai edita. Ga shi fari, ga fili. Uwar Bango ce ta fara. Ta karɓi biro a hannuna, ta yi ɗage, ta rubuta a ƙirjin kwat ɗin abin da ya faru, a taƙaice, kamar yadda ta yi wancan karon. Sai ta miƙa mini biron. Na rubuta a gefe, ni ma.

Daga nan layi ya kafu. Aka cika hannun dama da ra'ayi, aka ba da amsa a na hagu. 'Yan matan butoci suka rubuta sunayensu a bandeji, tun da an yi musu alkawarin tarihi. Mai Zane ya sami wuri a kan cikinsa ya zana bunsuru. Sharhi ya buɗe baki zai yi sharhi, aka ce ya yi shiru, takarda na motsi.

Da yamma muka ɓanɓare shi a hankali. Takardun suka zauna. A tsakiyar sabon fenti, ga siffar mutum, hannuwa a buɗe, ƙafafu a ware, kunnuwa biyu. Iyakar abin da ya rage mana ke nan. Uwar Bango ta shafa wurin da tafin hannu, ta ce ya fi shafi ɗaya, da shafi ɗaya kuwa aka fara. Ba ta sake maganar rubutun mijinta ba, ni kuma har yau ban manta ba.

Sharhi bai sauka daga kujera ba sai da wa'adinsa ya cika. Yakan kawo sababbin ɗalibai gaban bango ya tambaye su ko sun taɓa jin editan da aka yanka jarida daidai jikinsa. Kawu ya rataye kwat ɗin a rumfarsa, masu jiran mota suna karantawa.

Mu kuwa duk farkon mako, bayan bokiti, sai mun ɗauki almakashi. Babban labari a kan ciki muke liƙa shi, don nan ya fi faɗi. Ƙorafin famfo a hannun dama, wasanni a ƙafa. Kan kuma ba mu yarda mu bar shi fili ba, kada Mai Fenti ya samu. Farar takarda muke liƙawa a wurin, babu komai a ciki.